Ni Ce Na Rera Waƙar Babana

Masu tambayata ko ina son Gleb, bari in amsa muku tun daga farko mu huta. Ina sonsa. Da ba na sonsa da abin ya zo min da sauƙi, domin mutumin da ba ka so ko tsoronsa kake ji, tsoro ne guda ɗaya. Ni nawa biyu ne, ina tsoronsa, ina kuma tsoron ranar da zan daina ganinsa.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: sunana Taisiya, a gida Taya ake ce min. Shekarata ashirin da biyar, ina koyar da yara fiyano a wata makarantar kiɗa a nan Yekaterinburg. Ina zaune da iyayena a hawa na biyar na wani tsohon bene, ɗaki biyu da kicin. Gleb kuwa wata goma sha ɗaya ke nan muna tare. Dogo ne, mai sanyin magana, ba ya shan giya, ba ya manta ranar haihuwar kowa. A wani ofishin gwamnati yake aiki wanda ba zan faɗi sunansa ba. Aikinsu shi ne bin abin da mutane ke sakawa a waya, su rubuta takarda a kan duk wanda suka ga ya taɓa mutuncin soja.

Mama ta fi ni son auren nan. Kullum maganarta ɗaya ce, wai a irin wannan zamani gidan da ba shi da mutum a cikin gwamnati kamar gidan da ba shi da ƙofa ne. Tun da Gleb ya ce ranar Lahadi zai kawo mahaifiyarsa mu ci abincin rana tare, Mama ta daina zama. Ta wanke labule, ta fito da farantan da ba a taɓa su sai sabuwar shekara, ta sa ni na goge kowane cokali har ina ganin hancina a ciki. Ni kuwa ina goge cokali hankalina na kan abin da na aikata sati biyu kafin nan.

Sai na ba ku labarin waƙar tukuna, in ba haka ba ba za ku gane ba.

Papa, wato Rodion Ilyich, yana ɗan shekara sha tara aka kai shi Afghanistan. A can ya yi aboki, Marat, ɗan ƙabilar Tatar daga wani ƙauye kusa da nan. Saura wata biyu a sallame su aka kashe Marat a hanya, aka ɗora wa Papa rakiyar gawar zuwa gida. A akwatin kwano aka sa shi, aka liƙe ko'ina da dalma, aka ja wa Papa kunne kada ya bari kowa ya buɗe. Da suka isa ƙauyen, mahaifiyar Marat ba ta yi kuka ba. Ta zagaya akwatin sau biyu tana neman inda za ta sa hannu, ba ta samu ba. Sai ta shiga ɗaki ta fito da safar ulu da ta gama saƙa masa, wadda take shirin aika masa a satin. Ta miƙa wa Papa ta ce ya san yadda zai yi ya sa wa ɗanta, don tun yana yaro ƙafarsa ba ta jure sanyi.

Papa ya ce ya tsaya da safar a hannu bai san iya tsawon lokacin ba. A jirgin ƙasa na komawa ya rubuta waƙar a bayan takardar izininsa, ya sa mata suna "Safar Ulu". Babu kalmar yaƙi a cikinta ko sau ɗaya, uwa ce kawai ke roƙon a buɗe mata. Bayan an sallame shi, shi da abokansa uku suka ɗauke ta a kaset a ɗakin ajiyar kaya na wata masana'anta, da jita biyu da ganga. Ƙungiyar tasu ko shekara biyu ba ta yi ba ta watse, amma kaset ɗin ya tafi. Wannan ya kwafa ya ba wancan, har sunan mai waƙar ya faɗi a hanya. Samari sun rera ta a gindin bene, sojojin da aka tura Chechnya sun rera ta, iyayensu mata ma haka. Har yau mafi yawan masu rera ta sun ɗauka waƙar sojoji ce da ba ta da mai ita. Papa bai taɓa damuwa ba. Walda ya yi ta yi har ya yi ritaya, kuma shekara uku da suka wuce aka yi masa aiki a maƙogwaro, muryarsa ta tafi, sai raɗa.

Da aka fara wannan yaƙin na yanzu, wanda ba a yarda mu kira shi yaƙi ba, waƙar ta ɓace daga rediyo ba tare da kowa ya ce an hana ta ba. Papa ya ɗora jitarsa a saman kabad.

Sati biyu kafin Lahadin da nake ba ku labari, mai buga wa ƙungiyar su Papa ganga, Kawu Foma, ya rasu. A maƙabarta matarsa ta kama hannun Papa ta ce mijinta ya bar wasiyya a yi masa waƙar a bakin kabari. Papa ya buɗe baki, babu abin da ya fito sai iska. Na ga yadda wuyansa ke motsi, na ga kunyar da ta rufe shi a gaban mutane. Ban yi shawara da kowa ba, ban ma yi da kaina ba. Kawai na ji muryata ta fara. Na rera ta daga farko har ƙarshe, tsofaffin nan suna kama min amshi.

Wani daga bayana ya ɗauka a waya. Fuskata ba ta fito ba, sai bayana, kitsona guda ɗaya da ya sauko, da koren kwat ɗina. Cikin kwana uku bidiyon ya zaga ko'ina. Kafin sati mutane sun fara ajiye safar ulu a gindin gumakan tunawa da sojoji, a garinmu da wasu garuruwa, 'yan sanda na kwashewa da safe, da yamma wasu su kawo. Har an kama wata tsohuwa da safa a jaka.

Koren kwat ɗin nan Gleb ne ya saya min. Shi ya zaɓa da kansa, har da maɓallan katakon.

Na naɗe shi na tura can ƙasan akwatin kayan zafi, na koma sa tsohon baƙin kwat ɗina. Na warware kitson na riƙa ɗaure gashina sama. Sati biyu Gleb bai ce komai ba. Saƙonninsa na zuwa kamar kullum: "Kin ci abinci?" "Ki sa hula, yau da iska." Ranar Juma'a ne kawai ya rubuto: "Kwana biyu ban ga korenki ba." Na kalli saƙon nan har wayar ta mutu da kanta. Na amsa masa cewa maɓalli ne ya cire. Ya turo min hoton zuciya.

Mama ta san komai, tana wajen. Abin da ta ce kawai shi ne, yanzu ne ma auren ya zama dole, in na kuskura na ɓata ranar Lahadi ba za ta yafe min ba. Ta juya kan Papa ta ce shi kuma ya ci abincinsa ya yi murmushi, Allah ya taimake mu ba shi da muryar da zai yi ɓaranɓarama.

Ƙarfe ɗaya daidai suka buga ƙararrawa. Na sa doguwar riga ruwan toka mai farar wuya da 'yan kunnen kakata. Gleb ya shigo da furanni biyu, na Mama da nawa. Mahaifiyarsa, Albina Lvovna, mace ce cikakkiya mai jan gashin rini, ta shekara talatin tana shugabar makaranta, har yanzu in ta kalle ka sai ka ji kamar ba ka yi aikin gida ba. Ta cire takalmi ta sa silifas ɗin baƙi, ta bi bangonmu da ido, ta yaba labulen.

Da farko komai ya tafi daidai. Mama ta kawo miyar kabeji, ta kawo pelmeni, ƙullin fulawa mai nama a ciki, da muka kwana biyu muna ƙullawa. Albina Lvovna ta ce naman ya ji albasa yadda take so. Aka yi maganar ɗaurin aure a watan Yuni, aka yi maganar ɗakin da za mu zauna. Gleb na gefena, gwiwarsa na taɓa tawa a ƙarƙashin tebur. Har na fara numfashi kamar mutum.

Da aka kawo shayi ne ta ɗauko zancen. Ta ce ɗanta duk ya rame, ba ya samun hutu saboda wata 'yar iska da ta je maƙabarta tana waƙa.

"Kin ga bidiyon kuwa, Raisa Pavlovna?" ta tambayi Mama.

Mama ta ce ita ina ta ga lokacin kallon waya.

"Gara da ba ki gani ba. Yaranmu suna can suna ba da ransu, ita tana nan tana karya wa iyayensu zuciya. Ni da ɗalibata ce, da na san maganinta. Shi kuma wanda ya yi waƙar, ko waye, na tabbata bai taɓa jin ƙarar bindiga ba. Irinsu ne masu ɓuya a bayan siket ɗin uwarsu."

Cokalin Papa ya tsaya a cikin kofi. Na ga jijiyar gefen goshinsa ta tashi. Mama ta yi maza ta tura masa farantin kek tana cewa ya ɗanɗana, da hannunta ta yi. Albina Lvovna ta juyo gare shi da fara'a ta ce ai shi tsohon soja ne, shi zai fi kowa gane abin da take nufi. Papa ya dube ta, ya daɗe yana dubanta, sannan ya gyaɗa kai a hankali. Ban taɓa jin tausayin mahaifina kamar a wannan gyaɗa kan ba.

Gleb bai ɗago daga kofinsa ba. Can ya ce kansa na ɗan ciwo, in raka shi baranda ya sha iska.

Barandarmu a rufe take da gilashi, cike da kwalaben kokwamba da tsohon keken Papa. Ya ja ƙofar ya rufe. Ta gilashi ina hango Mama tana dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Maɓallin ya samu?" ya ce.

Na kau da kai ina kallon kwalaben.

"Taya, tun daƙiƙa ta uku na gane ki. Ba ma sai da kwat ba. Na san yadda kike karkata kai in za ki ja murya."

Na dafa keken. Na tambaye shi me ya sa bai faɗa ba duk kwanakin nan. Ya ce yana neman hanya ne. Takardar binciken bidiyon tana kan teburinsa, shi aka ba, kuma sati biyu ke nan yana jan ƙafa, yana rubuta cewa hoton bai fito sosai ba. Amma maganar safar nan ta kai sama, ogansa ya ce zuwa Laraba yana son suna. Ya ce da bidiyon kaɗai ne da tara za a ci ni a kore ni daga aiki, amma yanzu suna neman wanda za su ce shi ya shirya komai, wannan kuwa maganar shekaru ce a gidan yari.

Na ce to mece ce hanyar.

Ya goge gilashin da hannun rigarsa kamar akwai abin gani a waje. Ya ce in ya kai wa ogansa abin da ya fi yarinyar daraja, za a manta da yarinyar. Wato mai waƙar da kansa. Tsohon soja mai lambar yabo ya zauna a gaban kyamara ya ce shi ya rubuta ta, don girmama jarumai ya yi ta, masu ajiye safa maƙiya ƙasa ne da suka sace masa waƙa. Sannan ya yarda a ƙara mata baiti ɗaya, inda uwar za ta ce tana alfahari, a rera a bikin tunawa da nasarar sojoji na watan Mayu.

"Ba shi da murya, Gleb."

"Raɗa ma ta fi. Za a rubuta a ƙasan hoton."

Yadda ya faɗe ta ba tare da ya tsaya tunani ba, nan na gane ya daɗe da tsara komai. Na dube shi ina neman mugunta a fuskarsa, na rantse muku ban samu ba. Idonsa ya yi ja. Ya ce shi ma in aka gano ya san ni ya ɓoye, tasa ta ƙare. Ya ce ba ciniki yake da ni ba, ko na fasa aurensa zai yi iya ƙoƙarinsa, amma wannan ce kaɗai ƙofar da ya gani. Ya riƙe fuskata da hannu biyu, tafinsa sanyi ƙalau, ni kuwa na rasa ko in kwanta a ƙirjinsa ko in ture shi.

Da suka tafi wajen ƙarfe huɗu, Mama ta bi ni kicin ta tsare ni sai da na faɗa mata. Ta zauna a kan kujera da tsumman goge kwano a hannu. Ba ta ɗau minti ɗaya ba ta ce to ai shi ke nan, a yi. Waƙa ce, ba mutum ba ce. Shekara arba'in tana zaune da waƙar nan kamar ƙarin mutum a gida, ba ta taɓa kawo musu komai ba sai mafarkin tsoro, yanzu kuma ba za ta ci mata 'ya ba.

Ashe Papa na tsaye a bakin ƙofa. Ya yafito ni da hannu muka shiga ɗakinsu. Ya zauna a bakin gado, na durƙusa a gabansa don in ji shi, domin in yana magana sai ka kai kunnenka kusa da bakinsa.

"Zan yi," ya ce.

Na ce a'a. Na ce ya tuna mahaifiyar Marat, ya tuna abin da za a sa a bakinta.

Ya numfasa, maƙogwaronsa na ƙara kamar ana yaga takarda. Ya ce bayan ya dawo duk shekara yana zuwa ƙauyen ya sara mata itacen hunturu, har ta rasu, kuma ba ta taɓa cewa tana alfahari ba, ko sau ɗaya. Ya ce ya san ƙarya zai yi mata.

"Amma ita ta mutu, Tayechka. Na raka ɗan wani gida sau ɗaya. Ba zan tsaya a ƙofar gidan yari ina miƙa wa tawa 'yar kaya ba."

Na kifa kaina a gwiwarsa. Yana shafa gashina, ni kuwa abin da ke zuciyata shi ne, in ya zauna a gaban kyamarar nan, mutumin da zai dawo gida ba Papa ba ne. Na san shi. Zai ci abinci, zai kalli talabijin, amma ba zai kai wani hunturun ba.

Ranar Litinin na je aiki kamar gawa. Duk wanda ya buɗe ƙofar aji sai na waiga da sauri. Wata ɗalibata ta yi kuskure ɗaya sau shida ban ma ji ba. Sau uku Gleb ya rubuto: "Me ya ce?" Ban amsa ba. Mama ta kira ni ta ce ta riga ta goge wa Papa kwat ɗinsa mai lambobi, me nake jira. Na ce mata gobe.

Ranar Talata na tashi aiki ƙarfe uku. A cikin bas na yanke shawara zan kira Gleb in ce ya ba mu kwana biyu, ko zan samu lauya, ko wata dabara ta zo min. Na sauka, na ratsa ta filin wasan yara, ƙanƙara ta fara narkewa duk ta zama caɓi. Ina dab da ƙofar benenmu wayata ta yi motsi. Lambar ba ta Gleb ba ce, amma rubutun nasa ne.

"An karɓe takardar daga hannuna da safe. Wani daga maƙabarta ya yi magana. Kada ki hau sama. Goge wannan."

Sai a lokacin na lura da farar motar da ke tsaye a kan hanyar masu tafiya a ƙasa, inda ba a ajiye mota. Babu kowa a ciki. Na ɗaga kai na kalli tagar kicin ɗinmu, an ja labule, abin da Mama ba ta yi da rana.

Wayar ta fara ringi a hannuna. Mama ce. Na ɗauka.

"Taisiya," ta ce. Tunda aka haife ni ba ta taɓa kirana da cikakken sunana ba. Muryarta a daidaice, har da ɗan fara'a. "Mun yi baƙi, kuma madara ta ƙare. Ki biya ki sayo mana ta kantin bayan gada, ita babanki yake so. Kada ki yi sauri, ƙasa da santsi."

An rushe kantin bayan gada tun ina jami'a. Matar da ta shekara guda tana tura ni inda take ganin akwai inuwa, yau ita ce ke ce min in gudu in bar su.

A bayanta na ji muryar namiji yana tambayar wa take wa magana. Layin ya katse.

Ina nan tsaye da waya a hannu, ban ci gaba ba, ban juya ba, sai na ji takun mutum a bayana. Wani ne mai rigar sanyi ruwan toka, ba zai wuce shekara arba'in ba, da jakar takardu a hammata da kofin shayi na kanti a hannu. Ba ɗan benenmu ba ne, na san kowa a ciki. Ya ciro ɗan ƙarfen buɗe ƙofar bene daga aljihunsa, na ga jan zaren da ke ɗaure a jiki, makullan Mama ne. Ya buɗe, ya tokare ƙofar da ƙafa, ya yi min murmushi.

"Shiga mana, 'yan mata, kin tsaya a sanyi."

Da na juya a lokacin, da ya tambayi kansa dalili. Na shiga. Lif ɗin na ƙasa a buɗe kamar mu yake jira. Muka tsaya kafaɗa da kafaɗa, ina jin ƙamshin shayinsa. Ya danna biyar, ya bar yatsansa a kan maɓallan.

"Ke fa, hawa na nawa?"

"Na tara," na ce.

Ya danna tara. Ƙofar ta rufe, lif ya fara hawa, shi kuma ya juyo ya fara kallona da kyau.